Ranar da Ruwa Ya Ƙi Jimrau

Da sunan Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ɗaga sama babu ginshiƙi, Ya ɓoye ruwa a cikin dutse, Ya kuma san abin da zuciya ke ɓoye wa mai ita. Ku matso, ku ba ni aron kunnuwanku, in ba ku labarin abin da idona ya gani a wata ƙasa mai nisa, wadda doki ba ya kai mutum, raƙumi ma sai ya yi gardama.

Ni sunana Korau, makaɗin kalangu daga Tudun Barkono. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Jimrau, ɗan kokawa ne wanda tun da ya ɗaura warki ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Allah Ya ba shi ƙirji, Ya ba shi damtse, mu kuma Ya jarrabe mu da halinsa. Mutum ne da in ka gaishe shi sai ya dube ka tukuna, ya ga ko ka isa a amsa maka. Ni nake masa kiɗa, ni nake ɗaukar masa jaka, ni kuma nake shan rankwashi in tuwo ya huce. Ina son sa, don jinina ne, amma ban taɓa jin daɗin zama da shi ba.

Da ya gama da mazajen ƙasarmu ya rasa wanda zai kama, sai wani falke ya ba shi labarin Birnin Ƙoramu, can bayan inda hanyar fatake ta ƙare. Ya ce a can akwai wani Tunau, shi ma ba a taɓa kayar da shi ba. Daga ranar abinci ya daina wuce wa Jimrau. Wai a ce duniya ɗaya, amma su biyu ne a cikinta. Da za mu tashi, Innarmu ta riƙe hannuna ta ce, "Korau, na san halinsa, na san bakinka. Ku bi juna a hankali." Na ce to, amma raina bai so tafiyar ba.

Muka ƙetare hamada mai baƙin yashi, inda iska ke binne rijiya da safe ta tone ta da yamma. Muka ratsa duwatsun da tsuntsaye ke yin sheƙa da ƙasusuwan matafiya. Takalmanmu suka ƙare, muka yanka jakar guzuri muka ɗinka wasu. Daga nan muka faɗa wani daji da ake kira Dajin Zuga.

Itatuwan dajin nan suna da baki a jikin ɓawonsu, kuma sun san sunan duk wanda ya shigo. Muna sa ƙafa suka ɗauka da murya ɗaya, "Jimrau na Inna, dutse a gaban maza, wa ya isa ya ja da kai." Ni ma suka ce wai Korau sarkin makaɗan duniya. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan ji daɗi, amma zuga sana'ata ce, na san yadda ake dama ta. Na duba gefen hanya, sai ga mutane a tsaitsaye, ɓawon itace ya rufe su har ƙirji, kowane yana murmushi, kunnensa a karkace. Ashe duk wanda ya tsaya sauraro, saiwa ce ke fitowa ta kama shi. Na waiwaya in ce wa Jimrau mu yi sauri, na gan shi ya riƙe ƙugu, ya lumshe ido, saiwa ta riga ta kai masa idon sawu.

Na ja hannunsa, ya kai mini mari. Na roƙe shi, ya ce in yi masa shiru ana magana. Sai na ja da baya inda hannunsa ba zai kai ba, na buɗe murya na ce, "Ku itatuwa, ƙarya kuke yi. Wannan da kuke gani har ya fara gemu yana fitsarin kwance, ni nake shanya masa tabarma." Kan ka ce kwabo ya tsinke saiwar nan, ya biyo ni yana rantsuwa sai ya karya ni. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Bai cim mini ba sai da muka fita daga dajin, nan ya lakaɗa mini duka, ya kuma ce da ban tsoma baki ba da ya ji ƙarshen kirarin. Godiyar da na samu ke nan.

Birnin Ƙoramu gari ne da ruwa ke gudu a kowane lungu, daga wani babban kogi da suke kira Gulbin Shaida. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kowane gida ƙofa biyu gare shi a jere, babba wadda ake shiga, da wata ƙarama da ba ta wuce gwiwar mutum ba, an shafe ta da farar ƙasa. A al'adarsu, wanda ya zo neman kokawa a gidan abokin karawarsa yake sauka, su ci a akushi ɗaya. Don haka aka kai mu gidan Tunau, uwarsa Ayashe ta tarbe mu, wata tsohuwa doguwa mai kaifin ido. Shi kansa Tunau gajere ne, mai faɗin kafaɗa, manomin albasa, ba ya son yawan magana. Ya ba mu ɗakinsa, ya koma rumfa.

Na tambayi Ayashe, "Iya, wannan ƙaramar ƙofa ta kaji ce?"

Ta ce, "Ta manyan mutane ce. A garin nan, ɗana, duk wanda ya zalunci wani, ruwa ƙin sa yake yi. Ba zai sha ba, ba zai yi wanka ba, ba zai yi alwala ba. Maganinsa ya shiga gidan wanda ya zalunta ta ƙofar nan, da rana, mutane na kallo, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. In mai haƙƙi ya yafe, ruwa ya dawo."

Jimrau ya yi tsaki, ya ce ƙofar ragwaye ce. Ayashe ta dube shi, ta ƙara masa miya.

Ranar kokawa gari ya cika a fage. Na ɗaure kalangu, na zuba wa Jimrau kirari har gashin jikinsa ya tashi. Suka kama tun rana na tsaka. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya wa yayana haka ba. In ya ɗaga Tunau, sai Tunau ya dira da ƙafafunsa. In ya kawo masa ƙafa, sai ya tarar ba kowa a wurin. Ƙura ta tashi ta rufe su, a cikin ƙurar nan kuwa, ni da nake kusa na ga Tunau ya murɗe shi, gwiwar Jimrau ta hagu ta taɓa ƙasa, ya yi maza ya miƙe. A ƙa'idarsu wannan kaye ne. Alƙalai ba su gani ba, Tunau kuma bai ɗaga hannu ba. Da la'asar ta yi aka busa ƙaho, aka ce canjaras.

Tunau ya miƙa masa hannu, ya rungume shi, ya raɗa masa magana a kunne. Ina kusa, na ji. Cewa ya yi, "Baƙona ne kai, ka yi doguwar tafiya. Maganar gwiwa ta tsaya tsakaninmu."

Da zagin sa ya yi da ya fi sauƙi. Fuskar Jimrau ta sauya. Tunau ya saki jiki, hannunsa a wuyan yayana, an gama wasa, sai Jimrau ya sure shi, ya ɗaga sama, ya maka shi a kan dutsen da alƙalai ke zama. Na ji ƙarar bayansa. Jimrau ya buga ƙirji ya ce, "Ga kaye nan, wanda bai gani ba ya gani." Ya dube ni ya ce in kaɗa. Ban kaɗa ba.

Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya zage shi. Suka ɗauki Tunau a kan ƙyaure suka tafi, ƙafafunsa na reto. Ayashe ta fito da jakarmu ta ajiye a bakin hanya. Jimrau ya ce tsoro ne ya hana su magana, ya nufi ƙorama don ya wanke ƙura. Yana miƙa hannu ruwan ya kauce, ya bi ta gefe, ya bar busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin tafinsa. Na ɗebo a ƙwarya na kai masa baki, ruwan ya haye ta ɗaya gefen ya zube. Na nemo nono, na nemo kankana, duk haka. Kankanar ma yana gatsa ta ta zama kamar dusa.

Na ce, "Yaya, mu je ka shiga ƙofar nan tun da sauran ƙarfi."

Ya ce, "Ni? Ni Allah kaɗai nake durƙusa wa. Kai jahili ne, ba ka san addini ba."

Daga nan ya shiga tuba, irin wadda ban taɓa gani ba. Ya zaɓi tsakiyar kasuwa ya shimfiɗa buzu, ya yi taimama, ya dinga jero nafila yana ɗaga murya da istigfari har masu awo suka daina jin ciniki. Ya ce tun da ba ya sha, ya ɗaura niyyar azumi. Ya ba da rigarsa sadaka, ya tabbatar kowa ya gani. Yana sallamewa sai ya waiwaya ya ga mutum nawa ke kallo. Ni dai ban taɓa ganin mai neman gafara yana harare-harare ba sai shi. Da ya gaji, ya ce yanzu kam an yafe masa, ya tafi Gulbin Shaida ya shiga. Kogin nan duk girmansa ya dare, ya bar masa fili, kifaye na tsalle a kan yashi. Ya yi ta tafiya har tsakiya, leɓunansa a tsattsage, ya juyo ya ce mini, "Ka gani, Korau? Kogi ma hanya yake ba ni."

Na ji kamar in jefe shi da kalangu. Na yi niyyar in kama hanya in bar shi da koginsa, har na ɗauki jaka, amma ƙafata ta ƙi tafiya.

Da na ga idonsa ya fara faɗawa, harshensa ya kumbura, sai na ce bari in yi dabara, tun da dabara ta fid da mu a daji. Na ari fartanya na tafi gidan Tunau, na shiga haƙa rami a ƙarƙashin ƙaramar ƙofar, mai zurfin da mutum zai bi ta ciki a tsaye ya ɓulla tsakar gida. Ayashe ta fito da tsintsiya ta tsaya a kaina.

Ta ce, "In kabarinsa kake haƙa, matsa can, nan ƙofar mutane ce."

Na ce, "Iya, ki yi wa Allah. Cewa ya yi ba ya durƙusa wa ɗan Adam."

Ta ce, "Wa ya ce ya yi wa ɗana sujada? Ƙofa ce gajeriya, shi ke nan. Allah Yana yafe nasa haƙƙin ga wanda Ya so. Na Tunau kuwa Ya bar shi a hannun Tunau. Haƙa, ba zan hana ka ba."

Na gama, na kawo Jimrau, ya bi ta ramin a tsaye, ƙirji a gaba. Tunau na kwance a rumfa a kan gadon kara, an ɗaure masa baya da tsumma, ƙafafunsa ba sa motsi. Jimrau ya tsaya a kansa ya ce, "To, ga ni na zo. In akwai abin da ya ɓata maka rai, kokawa ce, haka take. A bar maganar."

Tunau bai dube shi ba. Ya ce, "Inna, wa ya shigo?"

Ta ce, "Ba kowa. Wani rami ne aka yi mana a bakin ƙofa, iska ke shigowa."

Na ɗebo ruwa a randarsu na miƙa wa Jimrau, ruwan ya tsere kamar yadda ya saba. Maƙwabta suka zo suka cike ramin, suka daddaɓe shi, suna yi suna tofar da yawu in sun dube mu.

Muka koma bakin kogi. Zuwa washegari Jimrau ba ya iya zama sai an jingina shi. Fatarsa ta yi yaushi, muryarsa ta koma raɗa. Duk da haka ya ce in ɗauko kalangu in yi masa kirarinsa, ko zai ji ƙarfi. Nan haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Ba zan kaɗa ba. Na gani, Yaya. Gwiwar hagu ce. Ya kayar da kai, ya rufa maka asiri, ka karya shi. Duk sallar da ka jera a kasuwa, ko sau ɗaya ka faɗa wa Allah wannan?"

Ya ɗaga hannu zai mare ni, hannun ya faɗi. A daidai lokacin Ayashe ta zo ɗiban ruwa da tulu. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce mini, "Ka fara neman likkafani. Amma kada ka wahalar da kanka neman mai wanka. Gawar irinsu ma ruwa ba ya taɓa ta. Haka muke binne su, da ƙurar fage a jikinsu." Ta ɗauki tulunta ta wuce.

Jimrau ya sunkuyar da kai. Yana duban hannayensa, ƙurar ranar kokawa na nan a kansu, har da jinin Tunau da ya bushe a damtsensa. Na ga leɓensa na motsi, na kai kunne. Istigfari yake yi, a hankali, wanda ko ni da ƙyar na ji. Fuskarsa ta yamutse irin ta mai kuka, amma babu hawayen da zai fito. Ya ce, "Haka zan je gabanSa, Korau?"

Na ce, "Bari in ja ka. In na tura ka ta ƙofar, sai a ce ba kai ka shiga ba, ni na saka ka."

Ya ce, "Dabararka ta isa haka. Tashe ni."

Da ƙafarsa ya tafi, yana dafa bango, ya ƙi in riƙe shi. Rana tsaka ce, kafin mu isa unguwa ta cika, har a kan katanga. Ya tsaya a gaban ƙaramar ƙofar, ya tsaya, har na ce ya fasa. Wani daga baya ya yi dariya, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya sa ta biyu, ya kwanta rub da ciki, don kafaɗunsa sun fi ƙarfin ƙofar. Ya kutsa, bango na karce masa baya, har ya shige. Ni na bi ta babbar ƙofa.

Bai tashi ba. Daga nan ƙasa ya ce, "Tunau, ka kayar da ni a fage, gwiwata ta taɓa ƙasa. Ka rufa mini asiri, na ji haushin a ce kai ne mai yi mini alheri, na karya ka bayan an busa ƙaho. Na ci abincin gidanku. Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Tunau ya juyo da kai ya dube shi, a karo na farko. Ya ce, "Albasata na can tana bushewa. Inna ce ke juya ni, ita ke kai ni bayan gida, da tsufanta. Ka san wannan?"

"Na sani."

"Ban yafe ba."

Na san yayana, na jira in ga ya zabura. Hannunsa ya damƙi ƙasa har yatsunsa suka nutse, sannan ya saki. Ya ce, "Kana da gaskiya. Ko ni ne ba zan yafe ba." Ya kifa goshinsa a kan hannunsa, ya ci gaba da neman gafarar Ubangijinsa, yana jiran mutuwa.

Can Tunau ya ce, "Inna, miƙo mini ƙwarya." Ta yi kamar ba ta ji ba, sai da ya maimaita. Ya karɓa, ya ce wa Jimrau, "Matso. Ruwa ba ya ƙin hannun mai haƙƙi. Ba don na huce ba ne, kada ka yi zato. Ba ka isa ka mutu ka huta ka bar ni a kwance ba."

Jimrau ya ja jiki ya kai baki. Ruwan ya tsaya. Ya sha, ya ƙware, ya sake sha. Da na ɗebo na miƙa masa da nawa hannun, ruwan ya gudu.

Na zauna a garin har aka cire albasa. Jimrau ne ya yi noman, shi ke goya Tunau zuwa gona da masallaci, shi ke juya shi, shi ke yi masa abin da uwarsa ke yi. In zai sha, sai Tunau ya riƙe masa ƙwarya. In zai yi alwala, Tunau ke zuba masa daga buta, wani lokaci yana zubawa yana zaginsa, wani lokaci ya bar shi da ƙishi har yamma don ransa ya ɓaci. Kullum da safe Jimrau kan je bakin ƙorama ya miƙa hannu, ruwan ya kauce, ya dawo. Tausayinsa ya hana ni sukuni, ni da na sha yi masa fatan ya gamu da daidai shi.

Jimrau ne ya ce in tafi gida, Innarmu ba ta da kowa. Ya rako ni har ƙofar gari, da Tunau a bayansa, don ba ya iya nisa da shi. Na ce wa Tunau, "Don Allah, sai yaushe?" Ya ce, "Ban sani ba. Ina nema a raina, ban samu ba tukuna." Jimrau ya gyara masa zama a baya, ya ce mini, "In ka isa aka tambaye ka, ka faɗi yadda aka yi. Na san bakinka, Korau. Kada ka gyara mini ko kalma ɗaya."

Ban sake jin labarinsu ba, ban san ko ruwa ya karɓe shi ba. Allah Ya yafe masa, Ya yafe mana, Ya tausasa zuciyar Tunau. Ni dai ga shi na faɗa muku yadda aka yi, ban gyara masa kome ba.